Akwatuna shida na rubutun hannu sun iso laburaren jami'a: daga ina ake farawa?

Sabuwar Ma'aikaciya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki. Wani gidan malamai ya miƙa wa laburaren jami'armu akwatunan ƙarfe shida cike da rubutun hannu: wasu a cikin gafaka, wasu a tadarishi (bangon littafi mai tauri), wasu ɗaure da tsumma kawai. Akwai Larabci, akwai ajami. Hukuma na son a baje kolinsu nan da wata biyu, lokacin bikin yaye ɗalibai, kuma a ɗauki hotonsu duka a ɗora a intanet. Akwati biyu akwai gari-gari a ƙasansu, ɗaya kuma yana warin fumfuna. Abin da muke da shi: sikana irin ta ofis, firiza ɗaya, da ɗaki mai na'urar sanyi amma wuta ba ta tsayawa. Da me za a fara, me kuma za a bari?

Mai Gafaka

Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko ba a cikin akwatin yake ba, a kan takardar yarjejeniya yake. Kafin a kwance ɗauri ko ɗaya, a rubuta a fili: kyauta ce, ko amana ce da za a iya karɓa wata rana, ko kuwa aro ne don a ɗauki hoto a mayar? Hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Littattafan malami gado ne, don haka sa hannun babban wa shi kaɗai bai isa ba. A nemi na sauran magada, mata da maza, ko wakilin da suka amince da shi a rubuce. A kuma tambaye su abin da ba su yarda ya hau intanet ba. Kusan kowane irin wannan tari akwai kundin asirai a ciki, da wasiƙun bashi, da takardun gona. Hanyar aro ma ba sabuwa ba ce: da ita Cibiyar Tattara Rubutun Larabci ta Jami'ar Ibadan ta yi aiki tun daga 1964, a karɓo littafi, a ɗauke shi a fim, a mayar wa mai shi.

Na biyu, kada akwatunan nan su shiga inda sauran littattafanku suke. A samo ɗaki daban, busasshe, mai iska, a ɗora su a kan tebur, ba a ƙasa ba. Kowane akwati a ba shi lamba, 1 zuwa 6, a ɗauki hotonsa da waya a buɗe, kafin a taɓa komai, sannan a riƙa ɗauka duk lokacin da aka cire ɗauri ɗaya. Ɗaurin da ya fara fitowa daga akwati na 2 shi ne 2/1, mai bi masa 2/2, haka har ƙasa.

Ga inda aka fi yin ɓarna. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake, kuma ba su da lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne 'yar kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan bayan warƙa, wadda ita ce kalmar farko a warƙa ta gaba. Larabawa na ce mata ta'aƙiba. To idan mutum uku suka zauna suka baje ɗauri biyar a tebur ɗaya, fanka na kaɗawa, kafin azahar an yi gauraye da ba za a warware shi a shekara ba. Saboda haka: ɗauri ɗaya a tebur, mutum ɗaya, fanka a kashe. A sa wa kowace warƙa lamba da fensir mai taushi, 2B, ƙarama, a kusurwar sama ta hagu, a yadda aka same ta. Ko da kin ga sarai cewa warƙa ta 14 ba wurinta ke nan ba, ki bar ta, ki rubuta a takardar aiki cewa da alama ta bi ta 31. Gyaran jeri yana zuwa daga baya, a hannun wanda ya iya karanta nassin. Kuma kada a ce za a ware fiƙihu gefe, nahawu gefe, waƙoƙi gefe. Yadda malamin ya haɗa su a gafaka ɗaya shi ma bayani ne: yana nuna abin da yake karantarwa tare, da abin da ya gada daga wa.

Gafaka da tadarishi da tsumman ɗauri duk kada a yar. A ba su lambar ɗaurin da suka fito da shi.

Shara kuwa da burushi mai laushi, irin na masu zane, daga tsakiyar warƙa zuwa baki, a kan farar takarda don a ga abin da ke zubowa. Hannu a wanke da sabulu a bushe sosai. Safar hannu ta auduga tana sa yatsa ya kasa jin takarda, tana kuma kama bakin da ya tsage, a bar ta. Shayi da ruwa da biro su tsaya a waje.

Na ƙwari, tunda kuna da firiza: a sa ɗauri a leda mai kauri, a fitar da iska, a liƙe, a ƙara leda ta biyu, a bar shi kwana 7 a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. In an fito da shi kada a buɗe sai ya kwana ɗaya a ɗaki, don raɓar ta taru a bayan leda ba a kan takarda ba.

Ɗan Tsangaya

Allah gafarta Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, amma batun firiza ina da ja. Ta ce wuta ba ta tsayawa. Abin da ke kashe ƙwaro da ƙwansa shi ne sanyi ya sauka da sauri ya kuma zauna. In aka ɗauke wuta awa goma, ya narke, aka dawo da ita, ya sake daskarewa, ba a tabbatar an kashe ƙwan ba, ga kuma danshi yana kai da kawo a cikin ledar. In babu sola ko janareta da zai riƙe firizar mako guda cur, a haƙura da ita. Kuma ba wadda ake sa ruwan sanyi da nama ba, da ake buɗewa sau ashirin a yini.

Sannan ba kowane gari-gari ne ke nufin akwai mai rai ba. A gwada tukuna. A share ɗaurin, a sa shi a leda a kan farar takarda, a rufe, a duba bayan mako biyu, a sake dubawa bayan huɗu. In sabon gari ya zubo, akwai tsutsa a ciki. In babu, tsohuwar ɓarna ce.

A kuma gane wa ya yi ɓarnar, don maganinsu ya bambanta. Gara tana cin takarda ta bar ƙasa a manne, kuma ba ta rayuwa in an raba ta da hanyarta ta ƙasa. Maganinta a gini ake yi, ba a littafi ba: a bi bango a nemi hanyar, a toshe tsagar daɓe. Asu yana kankare fuskar takarda ne, ya bar ta kamar an goge da dutse, kuma danshi ke kawo shi. Ƙananan huji masu zagaye da suka ratsa warƙa ashirin a wuri ɗaya, wannan tsutsar ƙwaro ce, ita ce mai zubar da garin. Kyankyaso ya fi son fata da ƙaro, yana barin ɗigon baƙi. Ɓera kuwa kowa ya san aikinsa. Abin da ba a yi ko kaɗan: fesa maganin sauro ko fiya-fiya a kan takarda. Akwai mai a ciki, yana barin tabo, yana kuma shiga huhun wanda zai karanta gobe. Ganyen darbejiya da iyayenmu ke sawa tsakanin warƙoƙi ma a cire shi, in ya daɗe yana rina takarda.

Akwatin mai fumfuna shi ne na gaggawa. A fitar da shi daban, a sa takunkumi mai tace ƙura irin N95 da safar roba, a baje warƙoƙin bi da bi a inuwa inda iska ke ratsawa. Ba a rana ba. Muddin fumfunar tana da laushi tana shafuwa, kada a goge, za ta shige cikin takardar. Sai ta bushe ta zama gari ake share ta, a waje ko kusa da taga. Mai asma kada ya shiga wannan aikin.

Ɗakin ajiya kuma, na'urar sanyin da ke kunnuwa tana mutuwa ta fi rashinta illa. Takarda tana shan danshi tana saki, hawa da saukar nan ke sa ta lanƙwashe ta tsage. Littattafan aikin sun ce zafi kusan digiri 20, danshi kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Zariya ko Sakkwato ko Yamai da wuya a riƙe wannan duk shekara, to a nemi daidaito maimakon lamba. A sayi ƙaramar na'urar auna danshi, a riƙa rubutawa safe da yamma. Haɗarin yana watan Agusta, in danshin ya haura kashi 65 ya zauna kwanaki, fumfuna za ta tashi. Da hunturu kuma danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, takarda ta yi ƙaras-ƙaras, a lokacin a rage taɓa ta. Kanta ta ƙarfe, tazarar santimita 15 daga ƙasa, kada ta jingina da bangon waje, kada ta zauna ƙarƙashin bututun ruwa. Kowane ɗauri a naɗe shi a takarda marar asid, a sa a kwali mai murfi, a kwance. Kwalin nan shi ke tare ƙura da haske, yana kuma rage saurin canjin danshi.

Sabuwar Ma'aikaciya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Firizar dai a ɗakin shan shayi take, don haka ta fita. To warƙoƙin da suka yage fa? An kawo shawarar a liƙe su da salatif, masu muhimmanci kuma a kai a yi musu laminatin.

Yaya Mai Gyara

Ƙanwata, duk biyun a'a, da babbar murya. Salatif bayan 'yan shekaru ledar takan faɗi, gam ɗin ya nutse cikin takarda ya zama tabo ruwan ƙasa, in an zo cirewa ya taho da rubutun. Laminatin ya fi muni, don zafi ake sa wa takardar a narka mata leda, kuma ba a komawa baya. Duk gyaran da ba za a iya warware shi ba, ba a yinsa. Haka fil, da ƙusar stefila, da robar ɗaure kuɗi: tsatsa da narkewa.

Warƙar da ta yage, a wannan matakin, a sa ta cikin takarda marar asid da aka ninka biyu, da gutsattsarinta, a rubuta lambarta a bayan ninkin da fensir. Shi ke nan. Ba ta ƙara lalacewa a haka.

Dalilin da ya sa ba a gaggawar gyara shi ne tawada. Iri biyu za ki fi gani. Akwai ta gawayi da ƙaro, dangin zuge, baƙa wuluk, a saman takarda take zaune, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kwashe ta. Akwai kuma yambari, ta bagaruwa da kashin maƙera, wadda kan koma ruwan ƙasa in ta tsufa. Ita tana kama takarda sosai, amma ƙarfen da ke cikinta yana cin takardar a hankali. Ki ɗaga warƙa ki duba bayanta: in rubutun ya fito ta baya da inuwa kewaye da kowane harafi, ta fara ci. In kika ga cikin harafi ya zube ya bar huji da siffarsa, ta yi nisa. Danshi ke ƙara mata gudu, shi ya sa gam mai ruwa a kan irin wannan layin yake zama ƙarin ciwo. Jan tawadar da ake wasali da ita ma tana saurin zuba.

Gyara na gaskiya da siririyar takardar Japan ake yi da kokon sitacin alkama: awo ɗaya na sitaci, huɗu ko biyar na ruwa, a dafa ana juyawa kamar minti 25 har ya yi sheƙi, a huce, a tace, a tsinka. Ana yago takardar da hannu don bakinta ya yi gashi-gashi, a shafa kokon kaɗan ƙwarai, a ɗora a tsagar, a danne da takardar tsotse ruwa da ɗan nauyi har ya bushe. Kokon ba ya wuce kwana uku ya yi tsami. Na faɗa ne don ki san yadda abin yake, ba don a fara a kan waɗannan ba. A tura mutum ɗaya ya koyo a hannun masu yi. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa shi a 1970, wuri ne da ya dace a fara tambaya.

Alaramman Rajista

Bari in sa baki a kan rajista, don hoto dubu goma da ba a san sunan littafin ba tarin shara ne a kwamfuta.

Kowane littafi a rubuta masa: lambar ɗauri, yawan warƙa, tsawo da faɗi a santimita, layi nawa a shafi, harshe, launin tawada, layin farko bayan bisimilla da salati, da layin ƙarshe. Layin farkon nan shi ne mabuɗi, domin da yawa ba su da suna a kai, da shi ake gane su in an gwada da jerin da ke Ibadan, ko Kaduna, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen rubutun Larabci da ajami na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ɗauri ɗaya yakan ƙunshi littafi biyar ko goma, kowanne da nasa layin a rajista. Kuma ba duk ajami ne Hausa ba. Akwai Fulatanci da yawa, akwai tsohon Barbarci da ake rubutawa ƙanana tsakanin layukan Alƙur'anin Borno. In mai rajista bai ji harshen ba, ya rubuta "ajami, ba a tantance ba", ya fi ya yi ƙirƙira.

A raba mawallafi da mai kwafi. Bayan "tammat", kalmar da ke nuna littafi ya ƙare, mai kwafi kan faɗi sunansa da wanda ya rubuta wa. Shekarar da ke jikin nassi kuwa sau da yawa ta wallafa ce, masu kwafi suna ta maimaita ta shekara ɗari. Don haka ganin shekara ta zamanin Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, ba ya nufin takardar ta ga zamaninsa.

Ramzi kuma, wato rubuta shekara da haruffa maimakon lambobi, da lissafin Magariba ake warware shi, ba na Gabas ba. A namu shinun 1000 ne, a na Gabas 300. Sinun 300 ne a namu, sadun 60, gainun 900. Misali in an haɗa shinun, ra, kaf da dal: 1000 da 200 da 20 da 4, wato 1224 ta Hijira. Wanda ya bi lissafin Gabas zai samu 524, ya mayar da littafin baya da shekara 700. Don juyawa zuwa Miladiyya a ninka da 0.97 a ƙara 622, zai ba da 1809, da kuskuren shekara ɗaya a sama ko ƙasa.

Takardar ma tana magana. A sa fitila mai sanyi a bayanta, za a ga layuka da tambari a cikin jikinta. Wanda aka fi gani shi ne jinjirin wata uku a jere, takardar Italiya ce da ta riƙa shigowa ta Tarabulus da Masar. In aka ga fuskar wata a cikin garkuwa, da haruffan AG ko sunan Andrea Galvani, wannan ta ƙarni na 19 ce zuwa farkon na 20. Mai layin shuɗi irin na littafin makaranta kuwa ta zamanin Turawa ce, ko da nassin tsoho ne.

Mai Kyamara

Sikanar ofis a ajiye ta, musamman mai jan takarda da kanta, za ta tauna warƙa. Mai murfi ma tana danne tawadar da ta riga ta tsage. Kyamara ake kafawa a sanda tana kallon ƙasa, warƙa a kwance a kan baƙin kwali, fitilun LED biyu dama da hagu a karkace digiri 45, a kashe fitilar ɗaki, a rufe taga, kada a kunna filasha. A gefen kowane hoto a sa rula da katin launi. Bakin warƙa duka huɗu su fito, kada a yanke, don sharhin gefe sau da yawa ya fi nassin daraja. Gaba da baya duka, har wadda ba rubutu.

Batun ƙarfin hoto, ɗigo 300 a kowane inci shi ne mafi ƙaranci, 400 ya fi saboda ƙananan rubutun tsakanin layi. Kyamara mai megafiksel 24 tana ɗaukar faɗin santimita 38 da 25 a ɗigo 400, ya ishi yawancin warƙoƙinmu. A ajiye uwar hoto a tsarin fayil na TIFF, a fitar da JPEG don intanet. Warƙa mai santimita 22 da 16 tana cin kusan megabait 30, to warƙa 1,000 hoto 2,000 ke nan, kusan gigabait 60. Sunan fayil ya bi lambar fensir: 2_01_014a gaba, 2_01_014b baya. Shi ya sa ba a ɗaukar hoto kafin a sa lamba. Kwafi uku, a faifai daban-daban, ɗaya a wani ginin, ɗaya kuma a ba masu littafin tare da rajista a buga. Duk ƙarshen yini a ƙirga hotuna a gwada da yawan warƙa, a nan ake kama wadda aka tsallake.

Akwati shida ba zai ƙare a wata biyu ba, a gaya wa hukuma tun yanzu. In kuɗi ne matsala, Laburaren Birtaniya yana da shirin tallafa wa taskokin da ke cikin haɗari tun 2004, kuma sharaɗinsa asalin takardun su zauna a ƙasarsu.

Mai Gafaka

Na karɓi gyaran Ɗan Tsangaya a kan firiza. Na baje koli kuwa ana iya yi ba tare da an taɓa akwatuna ukun nan masu matsala ba. A zaɓi warƙa goma ko sha biyu masu lafiya daga sauran, waɗanda an riga an sa musu lamba an ɗauki hotonsu, a bar 'yar takarda a gurbin kowacce. A sa su cikin akwatin gilashi mai makulli, a kan kwali marar asid, nesa da taga, haske kamar lukus 50, wato dishi-dishi amma ana iya karantawa. Akwatin kada ya zama sabon fenti ko sabon filawud, tururinsu yana cin takarda, a bar shi ya sha iska makonni. Abin da baƙi za su ɗaga su juya kuma a buga musu hoto mai launi daidai girman asalin. A ajiye mutum ɗaya a wurin saboda masu son shafawa don neman tubarraki, kuma a gayyaci masu gidan su ga an rubuta sunan gidansu a jikin gilashin, in sun yarda a rubuta.